Ciwon Mafitsarar da Gwaji Ba Ya Gani, da Damuwar da Yake Jefa Mata a Ciki

Lafiyayyen mutum yakan yi fitsari sau 6 zuwa 8 a yini, kuma mafitsararsa tana iya tara kusan rabin lita kafin ta matsa masa lamba. Akwai matan da lissafinsu ya sha bamban da wannan. Wata sau 20 take zagayawa, wata sau 40, a mafi tsananin hali har akan samu mai kaiwa sau 60 daga safiya zuwa wata safiyar. Ba yoyon fitsari suke yi ba, suna iya riƙewa sarai. Zafi ne ke kora su banɗaki. Da zarar fitsari ya fara taruwa sai mara ta ɗauki ciwo, wata nauyi take ji, wata suka, wata ƙuna har cikin gabanta. Idan ta zubar, ko da cikin cokali biyu ne, sai ta samu sa'ida ta 'yan mintuna, sannan a koma gidan jiya.

Irin wannan matar idan ta je asibiti, abu na farko da za a miƙa mata shi ne 'yar kwalba ta kawo fitsari. Bayan kwana biyu ko uku sakamako ya fito: babu ƙwayar cuta. A sake, babu. A yi hoton ciki, komai lafiya lau. Likita ya dubi takarda, ya dube ta, ya ce, "Hajiya, ai babu komai, ki dai rage tunani." A kunnen mai lafiya wannan albishir ne. Ita kuwa da ta kwana tana safa da marwa tsakanin gado da makewayi, abin da ta ji shi ne ko dai ana zargin ƙarya take yi, ko kuwa ana ganin kanta ne ba daidai ba.

Ciwon nan sananne ne a wurin likitocin mafitsara. A takardun asibiti ana taƙaita sunansa da haruffan IC ko BPS. A nan za mu kira shi ciwon mafitsara mai naci. Ƙungiyar Likitocin Mafitsara ta Amurka ta fayyace shi da cewa zafi ne, ko nauyi, ko rashin daɗi da mutum yake jin daga mafitsara yake tasowa, haɗe da yawan fitsari ko matsuwa, wanda ya wuce mako 6, alhali an bincika ba a samu ƙwayar cuta ko wani dalili bayyananne ba. Ke nan fitowar gwaji fes ba ta kore shi, tana ma cikin sharuɗɗan gane shi. Maza ma suna yinsa, amma mata ne suka fi yawa a cikin masu zuwa asibiti da shi.

Abin da aka gano a Amurka

Cibiyar bincike ta RAND ce ta yi babban aikin ƙididdiga a kan wannan ciwo. An buga waya gidaje sama da 140,000 a faɗin Amurka, aka tambayi mata halin da mafitsararsu take ciki. Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa kashi 2.7 zuwa 6.5 cikin 100 na matan ƙasar masu shekara 18 zuwa sama suna da alamomin ciwon, wato mata miliyan 3.3 zuwa miliyan 7.9. A cikinsu, waɗanda likita ya taɓa gaya wa sunan abin da ke damunsu ba su kai 1 cikin 10 ba. A Amurka ke nan, inda likitocin mafitsara da na'urar leƙa cikinta suke a kowane babban gari.

Masu binciken sun koma kan mata 1,469 daga cikin masu alamomin, suka yi musu tambayoyi a kan halin da zuciyarsu take ciki. Fiye da kashi ɗaya bisa uku suna da alamun ciwon damuwa. Ba ɓacin ran yini guda ake nufi ba. Ana nufin mutum ya yi makonni babu abin da ke masa daɗi, abinci ya fita ransa, ya riƙa ganin kansa ba shi da wani amfani. Kashi 52 cikin 100 sun ce a 'yan kwanakin sun fuskanci firgicin nan mai zuwa farat ɗaya, inda ƙirji ke dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya karyo, mutum ya ji ajali ne ya iso. Da yawa daga cikin matan ba sa samun wata kulawa ta wannan fanni.

A 2012 aka fitar da wani ɓangaren binciken, kuma shi ne mafi tayar da hankali: kashi 11 cikin 100 na matan da aka tambaya sun ce tunanin hallaka kansu ya zo musu a cikin mako 2 da suka gabata. Da masanan suka tace alƙaluman, sai suka ga tsananin zafin mafitsara shi kaɗai ba shi ne ke nuna wadda za ta kai ga wannan tunani ba. Tsananin ciwon damuwar ne ke nunawa. Mata biyu suna iya jin zafi iri ɗaya, amma wadda damuwa ta yi wa katutu ita ce rayuwarta ke cikin haɗari. Likitan da ya duba mafitsara kawai ya sallami mara lafiya, ya bar ɓangaren da ke iya kai ta kabari bai taɓa ba.

Yadda ciwon ke cinye rayuwa

Barci ne abu na farko da yake ƙwacewa. Macen da ke tashi sau 5 ko sau 8 a dare ba ta samun nutsewa cikin barci mai nauyi, wanda shi ne ke wartsakar da jiki da ƙwaƙwalwa. Ko lafiyayye aka riƙa tashi haka tsawon wata guda, za a ga ya zama mai saurin fushi, mai mantuwa, abu kaɗan ya sa shi hawaye. To ina ga wadda ta shekara 3 a haka, kuma da asuba ita ce mai hura wuta, ita ce mai shirya yara makaranta? Rashin barci da kansa yana ƙara wa jiki jin zafi. Daren da ba ta runtsa ba, washegari mararta ta fi zugi, yinin da ta fi zugi kuwa daren babu runtsawa.

Daga nan sai fita ta zama aiki. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kano zuwa Abuja ya san yadda ake yi. Namiji ya ce wa direba ya ɗan tsaya, ya sauka ya juya baya a gefen titi, minti biyu an gama. Mace sai ta nemi inda za ta fake, ta nemi buta, ta jure idanun fasinjoji da tsakin direba. Sau ɗaya ma nauyi take ji, balle a ce duk bayan rabin awa. Abin da takan yi shi ne ta daina shan ruwa tun daren jiya, fitsarin ya yi kauri, ya ƙara ƙona ta. A hankali sai ta janye daga biki da suna da gaisuwar mutuwa, ta daina zuwa Islamiyya saboda tashin da take yi a tsakiyar karatu. 'Yan uwa kuma ba su san dalili ba, sai a fara cewa wance ta yanke zumunci, ta samu duniya. Malamar makaranta ba za ta iya barin aji sau huɗu a darasi ɗaya ba. 'Yar kasuwa kuwa duk shiga gidan wanka da bahaya sai ta biya.

Ibada ma tana taɓuwa, kuma wannan yana ci wa mata rai fiye da yadda ake zato. Alwala ba ta daɗewa, tsayuwar asham da tahajjud ta gagara, sallar farilla ma ana yin ta ne hankali yana kan mara. Da azumi, ƙarancin ruwa yakan tsananta wa wasu ciwon. Mace sai ta fara tuhumar imaninta, alhali shari'a ta yi wa mara lafiya sauƙi, kuma tambayar malami ko malama a keɓe tana iya sauke mata wannan nauyi.

Inda abin ya fi zafi shi ne shimfiɗar aure. Mata da yawa masu wannan ciwo suna jin zafi lokacin saduwa, kuma ciwon yakan tashi ya yi kwanaki bayan an gama. Jiki ya koyi tsoro, tun kafin a taɓa ta tsokar ƙugu ta ɗaure, ɗaurewar kuma ta ƙara zafin. Miji ba ya ganin rauni, ba ya ganin jini, ga takardar asibiti ta ce lafiyarta ƙalau. Sai ya fassara abin da ƙiyayya, ko gudun haƙƙinsa. Uwar miji ta ce, "Raki ne kawai irin na 'ya'yan zamani." Idan akwai abokiyar zama, a fara zargin ita ce ta kawo sanyi gidan, ko kuwa jifa ta yi. Idan babu, maganar ƙaro wata ta taso. Ita mai ciwon tana kwance da abu biyu a ranta, zafin mara da tsoron takardar saki, kuma ba kowa za ta iya buɗe wa baki ta faɗa wa inda ke mata ciwo ba. Kunya ta hana ta gaya wa mahaifiyarta, balle likita namiji da ɗalibai ke tsaye a bayansa.

Tsohon zargi

Cewa ciwon nan daga kan mace yake fitowa magana ce mai dogon tarihi, kuma daga cikin asibiti ta fito. A 1915 likitan mata na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo, Guy Hunner, ya wallafa bayanin wasu jajayen gyambuna da ya gani a jikin mafitsarar mata masu wannan kuka. Har yau ana kiran gyambunan da sunansa. Sai dai 'yan ƙalilan ne cikin masu ciwon suke da su. Shekaru masu yawa likitoci suka ɗauka duk wadda aka leƙa ba a ga gyambo ba, to ba ta da komai. Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, babban littafin da ake koyar da likitocin mafitsara da shi a Amurka yana danganta ciwon da rikicewar tunani. A 1978 ne likitoci biyu na Jami'ar Stanford, Messing da Stamey, suka nuna cewa akwai nau'in da ba shi da gyambo, kuma shi ne ya fi yawa.

Wadda ta fi kowa girgiza wannan zargi ɗalibar likitanci ce mai suna Vicki Ratner. Ciwon ya kama ta tana tsakiyar karatu, ta ga likitoci sama da 10, ana gaya mata gajiyar karatu ce da damuwa. Da kanta ta shiga ɗakin karatu ta tono bayanin ciwon. A 1984 ta kafa ƙungiyar masu fama da shi, kuma da ta fito a talabijin ta ba da labarinta, dubban wasiƙu suka riƙa zuwa daga matan da kowacce ta ɗauka ita kaɗai ce a duniya. Daga baya ta zama likitar ƙashi.

Wannan tarihi ne ya sa maganar damuwa ta zama ƙaya a wannan ciwo. Macen da aka sha gaya wa "tunani ne" ta riga ta ɗauki darasi. Ta san idan ta kuskura ta ce wa likita tana kwana kuka, shi ke nan ya samu abin da yake nema, zai rufe maganar mafitsara ya tura ta wurin masu duba ƙwaƙwalwa. Don haka sai ta daure fuska, ta ce zuciyarta lafiya lau, mara ce kawai. Shi ma likita mai tausayi yakan ji nauyin tambayar, kada ta ɗauka raina ciwonta ya yi. Dukansu biyun sun yi shiru a kan abin da binciken 2012 ya nuna shi ne mafi haɗari. A ganina wannan shirun ya fi tsohon zargin illa, domin zargin ana iya musanta shi, shirun kuwa ba wanda ma ya san ana yinsa.

Abin da masana suka fahimta yanzu shi ne ciwon na jiki ne, damuwa kuma tana shiga ta ƙara masa wuta. A wasu matan, shimfiɗar da ke kare fatar cikin mafitsara ce ake ganin ta yi rauni, fitsari yana taɓa naman da bai kamata ya taɓa ba. A wasu, tsokokin ƙasan ƙugu ne suka ɗaure tamau. A wasu kuma jijiyoyin da ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa ne suka zama kamar lasifikar da aka ƙure wa murya, ɗan motsi kaɗan sai ya fito da ƙara. A 2008 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kafa wani gungun masana da ake kira MAPP don bin diddigin wannan, kuma sun ga da yawa daga masu ciwon suna jin zafi a wasu sassan jiki nesa da mara, suna fama da murɗawar hanji ko ciwon jiki gaba ɗaya ko matsananciyar kasala. Hanyoyin da ke rage kaifin zafi a laka da ƙwaƙwalwa suna aiki da wasu sinadaran da ke daidaita yanayin zuciya. Shi ya sa ranar da aka yi rigima a gida ko aka yi rasuwa, ciwon yakan tashi. Macen ba ƙirƙira ta yi ba, jijiyoyinta ne suka amsa.

A namu asibitocin

A ƙasar Hausa kusan duk abin da ya taɓa marar mace sunansa sanyi. Ta je kemis a haɗa mata antibayotik, ta sha ta gama, bayan mako biyu ta koma a canza wani, a ƙara da allura. Daga nan sai jarkokin masu tallan maganin sanyi a rediyo da Facebook da TikTok, sai rubutu, sai ruƙiyya. Ƙa'idar likitocin mafitsara ta Amurka ta hana a riƙa ɗora mai wannan ciwo a kan antibayotik na dogon lokaci, domin babu ƙwayar da za su kashe. Abin da suke jawowa shi ne ƙaiƙayin gaba, ɓacin ciki, asarar kuɗi, da ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani ranar da aka buƙace shi da gaske. Kowane kwas da ya ƙare babu sauƙi yana ƙara karya mata zuciya, yana kuma ƙara wa miji hujjar cewa ya gaji da kashe kuɗi a kan ciwon da ba ya ƙarewa.

Amma a nan dole a yi taka-tsantsan, domin akwai cututtukan da ke kama da shi waɗanda likitan Amurka ba kasafai yake tunawa da su ba. Babbar cikinsu tsargiya ce. Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan masu ita, musamman a yankunan madatsun ruwa da noman rani da fadamu. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a jikin mafitsara, ya jawo zafi da yawan fitsari shekaru bayan mace ta daina wanki a rafi, kuma gwajin neman ƙwayar cuta da aka saba yi ba ya nuna shi. Sai an duba fitsarin da aka ɗiba wajen tsakar rana a madubin likita. Tsargiya tana da magani mai suna praziquantel, idan kuma aka bar ta tana iya kai wa ga kansar mafitsara. Haka nan tarin fuka yana iya kama mafitsara, akwai tsakuwa, akwai ciwon suga, akwai cututtukan saduwa. Duk macen da ta ga jini a fitsari, ko take zazzaɓi, ko take ramewa, ciwonta na neman bincike ne na gaggawa.

Ta ɓangaren ƙwaƙwalwa, a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka ta canza, amma likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma sama da miliyan 200. Akwai asibitoci a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. To amma wace matar aure ce za ta yarda a ga ƙafarta a Dawanau saboda ciwon mara? Gobe a ce ta taɓu, jibi a fasa auren 'yarta. Idan ana son a taimaki waɗannan mata, tambayar halin zuciya dole a yi ta a ɗakin da suka riga suka shiga, wato wurin likitan mata, ko na mafitsara, ko ma'aikaciyar jinyar ƙaramin asibiti. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da tsarin mhGAP na koya wa irin waɗannan ma'aikata gane ciwon damuwa da fara maganinsa. Tambaya biyu ake farawa da su: a mako biyun nan, kin ji abubuwan da kika saba jin daɗinsu sun fita ranki? Kin ji ƙunci ko yanke ƙauna? Sai dai a fara gaya mata an yarda da ciwon mararta kafin a yi su, in ba haka ba ba za ta amsa gaskiya ba.

Magani yana nan, ko da yake ba guda ɗaya ba ne, kuma abin da ya yi wa wata aiki ba lallai ya yi wa wata ba. Akan fara da rubuta lokutan fitsari da abin da aka ci na 'yan kwanaki, don a gane abin da ke tayar da ciwon. Shayi, kofi, lemon kwalba, lemon tsami, tumatir da barkono suna cikin waɗanda aka fi kuka da su. Goro ma yana ɗauke da sinadarin da ke cikin kofi. Ba a ce mace ta bar komai ba, wanda ya tabbata yana tayar mata kawai za ta bari. Likitocin fisiyo, waɗanda muka fi sani da masu gashin ƙashi, suna da hanyar sassauta tsokar ƙasan ƙugu da hannu. A wani gwaji da aka wallafa a 2012, kashi 59 cikin 100 na matan da aka yi wa wannan sun samu sauƙi, waɗanda aka yi wa tausar jiki ta gama-gari kuwa kashi 26 ne. Atisayen matse gaba da ake koya wa masu jego bai dace da mai wannan ciwo ba, tsokarta a matse take tun farko. Akwai magungunan da ake ɗurawa cikin mafitsara ta roba, akwai ƙona gyambon Hunner ga mai shi. Ƙwayar Elmiron, wadda Amurka ta amince da ita a 1996, an ƙara mata gargaɗi a 2020 cewa daɗewa ana shan ta yana iya taɓa ido. Zama da masanin halayyar ɗan Adam yana taimakawa wajen rage fargabar jiran tashin ciwo, kuma idan miji ya yarda ya shiga ɗakin likita ya ji bayani da kunnensa, rabin rigimar gida takan kwanta.

Sai amitriptyline, ƙwaya mai araha da ake samu a kusan kowane gari. Asalinta maganin damuwa ce, amma likitoci suna ba da ita kaɗan-kaɗan da dare don ta kwantar da jijiyoyin zafi, ta rage tashin fitsari, ta kawo barci. Idan ba a yi wa mace bayani ba, ta je gida 'yarta ta karanta mata takardar cikin kwali, sai ta ce ashe likitan ma kallon mai taɓin hankali yake mata, ta jefar da maganin. Minti biyu na bayani ya isa ya hana wannan. Ƙwayar tana sa bushewar baki da taurin bayan gida da jin barci, kuma tana da haɗari ƙwarai idan aka wuce ƙa'ida. Saboda haka bai kamata likita ya rubuta ta ba sai ya tambayi mara lafiya kai tsaye ko tunanin hallaka kanta yana zuwa mata.

Macen da ta tashi cikin tarbiyyar addini ba za ta ce tana son kashe kanta ba, ta san girman haramcin. Abin da za ta ce shi ne, "Ni dai na gaji," ko "Gara in mutu in huta," ko ta fara ba wa ƙanwarta amanar yara alhali ba tafiya za ta yi ba. Wanda ya ji wannan daga bakin mai daɗaɗɗen ciwon mara, miji ne ko uwa ko aminiya, kada ya tsaya a "ki yi haƙuri" da "ki daina saɓo". Ya zauna da ita ya saurare ta, ya karɓi magungunan gidan ya ajiye a wurinsa yana ba ta na kowace rana, kada a bar ta ita kaɗai, a kai ta asibiti a ranar, kuma a maimaita wa likita ainihin kalmomin da ta faɗa.